Daga goro zuwa tramol: tambayoyi da amsoshi a kan kayan maye, tarihinsu da dokokinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da malaman makaranta da matasa suka fi yi a kan taba, wiwi, ƙwayoyi da sauran abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai da aka koma tarihi, domin dokar da ke kan kowane ɗayansu ba ta fahimtuwa sai an san inda ta samo asali.

Shin duk kayan maye aikinsu ɗaya ne a jiki?

A'a. Mu ne dai muke yi musu kuɗin goro mu ce "shaye-shaye", amma likitoci sun kasa su gida-gida. Akwai masu zaburar da jiki, su kore barci, su ɗaga bugun zuciya: hodar iblis, amfetamin, sinadarin nikotin na taba, har da kafin da ke cikin goro da kofi. Akwai masu kashe zafin ciwo su kwantar da jiki, wato dangin ofiyom, irin su mofin, hiroyin, kodin da tramol. Akwai masu jirkita gani da ji, mutum ya riƙa ganin abin da babu, kamar LSD da wasu nau'o'in naman kaza. Wiwi kuwa gidanta daban, tana ɗan taɓa kowane ɓangare. Sai masu sa barci irin su baliyam da roci, waɗanda suka fi haɗari idan aka gauraya su da kodin ko giya.

Sanin wannan bambanci yana da amfani a aikace. Wanda hodar iblis ta yi wa yawa zuciyarsa ce ke cikin haɗari, wanda kodin ya yi wa yawa numfashinsa ne ke neman tsayawa, kuma taimakon da za a ba su ba iri ɗaya ba ne.

Har goro ma kuna sa shi a lissafi?

A fuskar kimiyya, e. Goro yana ɗauke da kafin, sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi, kuma duk wanda ya saba da shi ya san ciwon kai da kasalar ranar da bai samu ba. Amma ba ya gusar da hankali, ba ya sa mutum ya sayar da kayan ɗaki don ya saya. Shekaru aru-aru fataken Hausa suna kai-kawo tsakanin Kano da Gwanja, a arewacin Gana ta yau, suna ɗauko goro daga kasuwar Salaga, kuma babu wanda ya ɗauke su masu safarar kayan laifi.

Kofi bai samu wannan sauƙin ba da farko. Sufayen Yaman ne suka yaɗa shi don ya taimaka musu wajen raya dare, amma a 1511 gwamnan Makka ya hana shansa, hanin da bai daɗe ba ya faɗi. Ganyen ƙat da ake taunawa a Yaman da Somaliya da Habasha halal ne a dokokin can, Ingila kuma ta haramta shi a 2014. Tun daga nan mai karatu zai fara ganin cewa abin da doka ta hana a wani wuri, abin hira ne da abokai a wani wurin.

Daga ina taba ta zo mana, kuma me malamai suka ce da ta zo?

Taba 'yar nahiyar Amurka ce. Turawa sun fara ganinta a 1492 a hannun mutanen asalin can, kuma cikin shekara ɗari da 'yan kai ta game duniya. Da farko magani aka ɗauke ta. Jakadan Faransa a Fotugal, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsu a wajajen 1560 a matsayin waraka, daga sunansa ne aka samo sunan nikotin.

Da ta iso ƙasashen Musulmi sai muhawara ta tashi. Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu a farkon ƙarni na 17 yana ganin halaccinta, bisa hujjar cewa ba ta sa maye. Wasu malaman suka ce makaruhi ce, wasu suka ce haramun. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Murad na Huɗu, ya hana ta a 1633, har da hukuncin kisa, amma bayan rasuwarsa aka ci gaba da busawa. Malaman wancan zamani ba su da labarin sankarar huhu. Da bayanin likitoci ya fito, fatawoyin zamani da yawa suka karkata ga haramci saboda cutarwa.

A ƙasar Hausa taba ta shiga ta ƙofofi da dama: ta lofe, ta gari da ake shaƙa ko a dasa a baki, da furenta da mata ke gogawa a haƙora tare da goro don ado. Sigari irin na kwali ya zo daga baya. Injin naɗe sigari da James Bonsack ya ƙera a farkon shekarun 1880 shi ya mayar da ita kayan arha, kuma har Zariya aka kafa masana'antarta.

To yaya girman cutarwarta yake, tunda doka ba ta hana ta ba?

A nan ne lissafin mutane ke rikicewa. Cikin duk abubuwan da ke wannan shafi babu mai kisa kamar taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, ciki har da fiye da miliyan ɗaya waɗanda ba sa sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Kusan rabin waɗanda suka ɗore a kanta ita ke zama ajalinsu. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan, shi ke kama mutum, amma hayaƙin ne ke kisa: akwai sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, kimanin 70 daga ciki masu jawo sankara.

A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da ya haɗa sigari da sankarar huhu a Ingila, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da hakan a hukumance. Kamfanonin taba sun shafe shekaru suna musantawa. Sai a 2003 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aiki a 2005. Najeriya ta yi dokarta a 2015: ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai. Wannan na ƙarshen, duk mai tebur a bakin titi zai gaya maka yadda ake bin sa.

Shisha kuma ba ta fi sauƙi ba. Ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi a kai, ga zaman da kan kai awa guda.

Hodar iblis fa, da abin da ake kira "ais"?

Hodar iblis daga ganyen koka ake tace ta, wanda mutanen tsaunukan Peru da Bolibiya suka daɗe suna taunawa don jure yunwa da gajiya. A 1860 wani Bajamushe, Albert Niemann, ya ware sinadarin, a 1884 likitan ido Karl Koller ya nuna ana iya kashe zafi da shi wajen tiyata. Coca-Cola ta fito a 1886 da ɗan ɓurɓushinsa a ciki, aka cire a farkon ƙarni na 20. Tana sa mutum ya ji kamar ya fi kowa na ɗan lokaci, sannan ta sake shi cikin ƙunci. Tana iya tsayar da zuciya ko ta jawo shanyewar ɓarin jiki ko da ga matashi mai lafiya.

Afirka ta Yamma hanya ce gare ta daga Kudancin Amurka zuwa Turai. A Janairun 2022 an kama kilo 214 a yankin Agadas, a Satumbar shekarar kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya ta kama tan 1.8 a wani gida a Ikorodu ta jihar Legas. Kuma duk inda kaya ke wucewa, wani abu yakan zube.

Amfetamin da ƙanensa metamfetamin, wato "ais", a ɗakin haɗa magunguna aka ƙirƙiro su. Sojojin Jamus sun sha metamfetamin da sunan Pervitin a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Ingila da Amurka suka sha Benzedrine. Ais na hana barci kwanaki, ya ƙone jiki, ya sa mutum zargin kowa har ya kai ga taɓin hankali. An fara gano wurin dafa shi a Najeriya a Legas a 2011.

Mene ne ofiyom, kuma da gaske ne an yi yaƙi a kansa?

Ofiyom ƙaro ne da ake tatsa daga ƙwallon wani fure mai suna fofi, kuma yana cikin tsofaffin magungunan ɗan Adam. Ibn Sina ya yi bayanin amfaninsa da haɗarinsa. A farkon ƙarni na 19 wani mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware mofin daga cikinsa. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin kasuwa a matsayin maganin tari. A riƙe wannan a zuciya, domin za mu sake gamuwa da maganin tari.

Yaƙin kuwa gaskiya ne. 'Yan kasuwar Ingila suna noma ofiyom a Indiya suna shigar da shi Sin ta ɓarauniyar hanya, don su samu azurfar sayen ganyen shayi. A 1839 wakilin sarkin Sin, Lin Zexu, ya ƙwace akwatuna sama da 20,000 ya lalata. Ingila ta aiko da jiragen yaƙi, aka gwabza daga 1839 zuwa 1842, Sin ta sha kashi ta miƙa Hong Kong. Aka sake wani daga 1856 zuwa 1860. Ƙasashen da daga baya suka zauna suka rubuta wa duniya dokar hana ƙwaya, wasunsu da bindiga suka taɓa tilasta cinikinta.

A zamaninmu Afganistan ce ta daɗe tana kan gaba wajen noma fofi, har Taliban suka hana a Afrilun 2022. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce noman ya faɗi da kimanin kashi 95 cikin 100 a 2023, Myanmar ta karɓi kambun.

Tramol da kodin ai magunguna ne na kemis. Ta yaya suka zama annoba?

Don su ma dangin ofiyom ne. Kodin idan ya shiga jiki hanta ce ke juya wani ɓangarensa ya koma mofin. Tramol, wanda sunansa na asibiti tramadol, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. An ɗauke shi mai sauƙi, shi ya sa har yau ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi. Ta wannan kafa ce aka riƙa cika kwantenoni da shi daga Indiya zuwa tasoshin ruwan Legas da Kwatano da Lome, daga nan ya hau mota zuwa Kano, Maraɗi, Damagaram, Agadas har Libiya. Abin da hukumar NAFDAC mai kula da magunguna a Najeriya ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Wanda ke yawo a tasha da kasuwa kuwa mai 200 ne, 225, har 250.

Yawancin masu fara shan tramol ba don nishaɗi suke farawa ba. Lebura ne mai son ya ƙara awa biyu a wurin gini, manomi ne a lokacin huɗa, ɗan acaɓa ne, mai haƙar zinare ne, mai dako ne. Da farko yana aiki, gajiya ta tafi. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Ranar da ba a samu ba kuma jiki ya ɗau ciwo, ga zufa, ga hamma, ga gudawa, ga rashin barci, har mutum ya ɗauka zazzaɓi ne ya kama shi. Daga nan ba ƙarfi yake nema ba, neman ya koma daidai yake yi. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babba, kuma abin da ya haura haka yana jawo farfaɗiya. Matashin da ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure alhali ba a san shi da farfaɗiya ba, kafin a ce iska ce, a bincika aljihunsa.

Kodin na maganin tari ya bi wata hanyar. Yana da zaƙi, ba ya wari, ana juye shi a kwalbar lemo, don haka ya shiga inda wiwi ba ta iya shiga: ɗakunan matan aure, gidajen biki, makarantun 'yan mata. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Adadin ya yi kama da ƙiyasi fiye da ƙidaya, amma ya tayar da hankali. Bayan wani binciken BBC da ya nuna yadda maganin ke fita daga kamfanoni ta bayan fage, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a farkon Mayun 2018. Indiya ma ta tsaurara dokar fitar da tramol a shekarar.

Hanin ya rage samuwa ya kuma tsauwala farashi, amma bai warkar da ko mutum ɗaya ba. Waɗanda suka riga suka kamu sun koma kan abin da ya samu. 'Yan kasuwa kuma suka sauya haɗi, suka kawo ƙwayoyin tafentadol da aka gauraya da wani maganin saki jijiya, har Indiya ta hana wannan haɗin a 2025.

Gaskiya ne Arewa ta fi ko'ina shaye-shaye a Najeriya?

Alƙaluma ba su nuna haka ba. Babban binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye cikin shekarar da ta gabata, ban da taba da giya. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan dangin ofiyom, miliyan 2.4 maganin tari. Kudu maso Yamma ce ta zo kan gaba da kashi 22.4 cikin 100, Arewa maso Yamma kuma kashi 12. Wannan ba abin tafi ba ne, kashi 12 na yanki mai yawan jama'a irin wannan miliyoyi ne. Kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce, su ne kuma suka fi ƙarancin zuwa neman magani saboda kunya da tsoron mutuwar aure.

Me ya faru a Amurka da ake yawan ambata?

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wani maganin ciwo na dangin ofiyom, ya shawo kan likitoci cewa da wuya ya kama mutum. Aka rubuta shi ga miliyoyi. Da aka farga aka tsaurara rubuta shi, waɗanda suka kamu suka koma hiroyin, daga nan suka faɗa fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50. A 2021 da 2022 mutanen da ƙwaya ta kashe a Amurka sun haura 100,000 a kowace shekara. Makamancin wannan haɗari ya fara leƙo yankinmu: "kush" da ya sa Saliyo ta ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024 an samu sinadaran nitazin a cikinsa, waɗanda wasunsu sun fi fentanil ƙarfi.

Likita ya rubuta wa mahaifiyata mofin saboda ciwon daji. Ba zai mayar da ita 'yar ƙwaya ba?

Ku ba ta, bisa ƙa'idar da likita ya gindaya. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ga mai ciwon daji ko wanda aka yi wa babbar tiyata babu abin da ya kai shi. Jikinta zai iya sabawa, shi ya sa ba a yanke shi farat ɗaya, amma wannan daban yake da jarabar da ke sa mutum sata. Abin takaici a ƙasashenmu shi ne tramol mai 225 ya fi sauƙin samu a tasha fiye da mofin a asibiti. Marasa lafiya da yawa suna cikawa cikin azabar da magani mai arha zai ɗauke. Dokar da ta tsorata likita ta bar ɗan fasa-ƙwauri ba ta yi aikinta ba. Sai dai a kulle maganin a inda yara da matasan gida ba za su kai ba.

Su kuma masu sa mutum gane-gane?

Albert Hofmann ya haɗa LSD a kamfanin Sandoz da ke Basel ta Suwizalan a 1938, ya gano tasirinsa a jikinsa a Afrilun 1943. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ta gwaji da shi a shekarun 1950, hukumar leƙen asirin Amurka ma ta gwada shi a kan mutane ba da saninsu ba. Da matasa suka rungume shi a shekarun 1960 sai aka haramta, bincike ya tsaya cak. Wasu al'ummu sun daɗe da irin nasu a ibada: naman kaza a Meziko, saiwar iboga a addinin Bwiti na Gabon.

Ba sa kama jiki kamar tramol, amma suna iya jefa mutum cikin firgici, ya yi abin da zai halaka shi, ko su tono taɓin hankalin da ke kwance. Yanzu bincike ya dawo. Ostireliya ta ba wasu likitoci izinin amfani da sinadarin naman kazan ga masu matsananciyar damuwa daga Yulin 2023, amma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da wata ƙwayar maye mai suna MDMA a matsayin magani a Agustan 2024.

Namu na gida shi ne zaƙami, kuma ya fi waɗancan muni nesa ba kusa ba. Guba ne sosai: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi gudu, mutum ya fita hayyacinsa kwana biyu ko uku ba ya tuna komai, wani kuma ba ya tashi. Ƙarfinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, don haka babu wani "daidai gwargwado". Zuba shi a zoɓo ko kunu a wurin biki da sunan wasa ganganci ne da rayukan mutane.

Wiwi tana haukatarwa ko sharri ake yi mata?

Duka ɓangarorin biyu suna ƙara gishiri. Yawancin masu shanta ba sa haukacewa. Amma tana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, mai sha kullum, mai shan nau'i mai ƙarfi, ko wanda akwai ciwon a danginsu. Kusan ɗaya cikin goma na masu shanta sukan kamu, adadin yakan kai ɗaya cikin shida ga waɗanda suka fara suna samari. Tana raunana riƙe karatu, tana rage hanzarin direba. Sinadarin da ke sa mayen, THC, Raphael Mechoulam da abokin aikinsa ne suka ware shi a 1964, kuma wiwin yau ta fi ta da yawansa. Abin da ake sayarwa da sunan "kolorado" kuwa sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran roba, ya fi wiwi haɗari ƙwarai.

Asalin wiwi tsakiyar Asiya. Musulmi sun san ta da sunan hashish tun ƙarnoni, Ibn Taimiyya ya yi fatawar haramcinta. Masar ce ta matsa aka sa ta cikin yarjejeniyar taƙaita ƙwayoyi ta Janeba ta 1925. A Najeriya ana danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yau a dazukan Ondo, Edo, Delta, Osun da Ekiti aka fi noma ta.

Ai ƙasashe da yawa sun halatta ta. Ba shi ke nan ba ta da illa ba?

Halattawar doka ba shaidar lafiya ba ce, taba ta ishe mu misali. Urugwai ta halatta a 2013, Kanada a 2018, Jamus ta sassauta a 2024, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ba babba damar sha a keɓe a 2018. Hujjarsu ita ce hanin bai hana ba, ya dai cika kurkuku ya kuma azurta 'yan daba. Lesoto da Maroko sun ba da izinin noma don magani da masana'antu, Gana ta yarda da nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Tailan ta saki a 2022, ta dawo ta tsuke a 2025. Amfanin magani akwai shi amma taƙaitacce: wasu nau'o'in farfaɗiyar yara, tashin zuciyar masu shan maganin daji, wasu ciwuka masu naci. A Najeriya da Nijar har yanzu laifi ce.

Wace doka ce ke aiki a kanmu?

A sama akwai yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1961 da 1971 da 1988, waɗanda kakarsu ita ce ta birnin Hague ta 1912. Taba da giya ba sa cikinsu, kuma ba don sun fi sauƙi ba ne, sai don ƙasashe masu ƙarfi suna cin harajinsu.

A Najeriya gwamnatin soja ta yi dokar wiwi a 1966 mai ɗauke da hukuncin kisa ga mai nomawa, aka sassauta a 1975. Doka mai lamba 20 ta 1984 ta kai ga harbe mutum uku da aka samu da laifin ƙwaya a Legas a Afrilun 1985. An kafa NDLEA a 1989, kuma Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021. Dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa ko haɗa manyan ƙwayoyi, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su. NAFDAC ce ke kula da rajistar magunguna.

Me zai hana a tsananta hukunci kowa ya huta?

An gwada. Harbin 1985 bai hana Najeriya zama mahaɗar safara ba cikin shekarun da suka biyo. Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933 ta janye da kanta. Fotugal ta bi wata hanya a 2001: mai ɗan abin da zai sha ba kotu ake kai shi ba, gaban wani kwamiti ake kai shi a tura shi magani, mai sayarwa kuwa kurkuku. Kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki tsakanin masu allura ta ragu sosai. Amma jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwaya a 2020 ba tare da shirya isassun wuraren jinya ba, ta janye a 2024. Abin da na fahimta shi ne mai kwantena da mai kemis ɗin da ke sayarwa ba takarda su ne abokan hukunci, lebura mai ƙwaya biyu a aljihu kuwa majinyaci ne. Kai shi gidan yari sau da yawa ƙarin ilimin laifi kawai yake samowa.

Na gano ɗana yana sha. Ina zan nufa?

Ku zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku nemi sanin me yake sha, nawa, tun yaushe, kuma me ya kai shi. Duka da kora daga gida sukan miƙa shi ga waɗanda suka koya masa. Ku kai shi asibiti: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen, NDLEA kuma tana da ɓangaren ba da shawara. Wanda ya daɗe a kan baliyam, roci ko giya kada a yanke masa lokaci guda a gida, hakan na iya jawo farfaɗiya. Addu'a da nasihar malamai suna ƙarfafa zuciya, amma mari da sarƙa ba magani ba ne, kuma abin da aka gani a gidajen mari da aka bankaɗo a Rigasa da Daura a 2019 ya isa hujja. Idan ya daina ya sake komawa, a sake mayar da shi wurin likita, hakan yakan faru kafin a rabu da abin gaba ɗaya.

Idan na samu wani ya sha ya wuce kima, ya ƙi farkawa fa?

Duba numfashinsa. Idan yana ja a hankali ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke, alamar dangin ofiyom ce. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, zai iya shaƙewa. Kada a bar shi wai barci zai warware masa. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin ko kwalbar abin da ya sha. Akwai allurar naloksan da ke karya tasirin kodin da mofin da hiroyin cikin mintuna, amma ƙarfinta yakan ƙare kafin na ƙwayar, don haka ko ya buɗe ido sai ya zauna ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. A gaya musu gaskiyar abin da ya sha tun a bakin ƙofa.